Awarwaron Rabab

"Ni fa a duk faɗin garin Mahalla, a nuna min uban da ya tsaya wa 'yarsa kamar yadda na tsaya miki! A nuna min shi in sumbaci goshinsa!"

Usta Shahata mai guga ne ke wannan cika baki. Yana zaune gaban ɗan guntun teburin cin abinci, ya dangwalo dafaffen wake da gurasa, mai yana bin yatsunsa. 'Yarsa Rabab ta tsaya a kansa da butar shayi, idanunta duk sun faɗa saboda karatu.

"Baba, don Allah ka bar zagaye-zagaye. Me Hajja ta ce?"

"Me za ta ce? Ina shiga na buga tebur, kofuna suka yi tsalle! Na ce, 'Hajja Fauziyya, 'yata sai ta yi karatun jinya, ko ɗanki ya aura ko ya fasa!' Sai ga ta tana rawar murya, 'Haba Usta, ai ba a yi haka da mu ba, ta yi karatunta Allah ya ba da sa'a.' Har bakin matakala ta rako ni!"

Rabab ta ajiye butar ta rungume shi, hawaye na zubo mata. Awarwaron zinare biyu na baikonta suka yi ƙara a hannunta. Tun da mahaifiyarta ta rasu a gadon asibiti tana riƙe da hannun wata nas, Rabab ba ta da wani buri sai ta saka farin kayan nan. Abin da ya tsaya mata a maƙogwaro shi ne Hajja Fauziyya, uwar Wa'il wanda zai aure ta, da ta rantse surukarta ba za ta riƙa kwana a asibiti tana juya ƙartin maza a gado ba.

To, abin da ya faru a gidan Hajja kuwa ga shi. Usta bai buga tebur ba, ko zama mai kyau bai yi ba. A bakin-bakin kujera ya ɗosana kamar mai ƙurji. Da Hajja ta ɗago gilashinta ta dube shi sau ɗaya, sai bakinsa ya kama aiki ba da izininsa ba: "Ai Hajja an gama wannan magana! Yarinya ta haƙura, littattafan ma mai gyaɗa na ba ya riƙa ƙunshi da su!"

Da ya fito, ya biya gidan shayin Amm Girgis don ya wanke tsoro. Can kuma da aka tambaye shi labarin 'yarsa, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya ya ce ai tuni an ɗauke ta, jarrabawar da za ta je ranar Alhamis ta cika sharaɗi ce kawai.

Mutum ɗaya, baki ɗaya, labari uku!

* * *

Kafin la'asar duk lungunmu ya ɗauka. Rabab ta leƙo baranda, sai ga mata daga tagogi: "Mis Rabab, nas ɗinmu! Barka, barka!" Wannan ta hawo da kumburarren ƙafa a duba mata, waccan ta kawo kwalin magani a karanta mata, wata ma allura ta riƙo a tsira wa mijinta.

"Wallahi ko jarrabawar ban yi ba tukuna!" in ji Rabab.

"Kai, ji ƙanƙan da kai! Ai babanki ya faɗa mana komai."

Ta samu uban a saman bene wajen tantabarunsa. "Baba, me ya sa? Yanzu in na faɗi fa? Da wane ido zan dubi mutane?"

"Faɗuwa? 'Yar Shahata? Ai ƙarfin gwiwa nake ba ki, yarinya! Wannan shi 'yan boko ke kira goyon baya."

Goyon bayan nan ya hana ta cin abinci. In ta buɗe littafi sai layuka su riƙa rawa. Abin da ta haddace da safe, kafin azahar ya gudu. Gashinta ya dinga biyo mataji.

Abu ɗaya ne yake riƙe da ita: kwandon baranda. Shagon gyaran fanka da injin wanki na Wa'il a ƙarƙashin benensu yake. Kullum da safe takan zuro kwandon da igiya kamar mai sayen tumatir, shi kuma ya jefa mata gurasa da ƙosan ta'amiyya mai zafi a ciki, ya ɗaga kai.

"Likita, ya jikin littafin?"

"Wa'il, tenshan zai kashe ni. Komai ya goge daga kaina."

"To karanto min ƙasusuwan hannu in ji."

"Kai me ka sani a ciki?"

"Ba komai. Shi ya sa duk abin da kika faɗa zan ce daidai ne. Ina za ki samu malami mai sauƙi irina?"

Sai ta yi dariya, ta ja kwandon, ta cinye tas. Ranar da ta yi wannan dariya, karatu yakan zauna.

* * *

Ranar Litinin da rana aka buga ƙofa. Rabab ta buɗe da littafi a hannu, biro a bayan kunne. Hajja Fauziyya ce, ta sha baƙar abaya, ta riƙo tukunyar miyar lalo da naman zomo, tana haki saboda matakala.

"Na ce bari in kawo wa 'yata, tunda ta ji maganata ta..."

Maganar ta tsaya. Idon Hajja ya sauka kan littafin, ya wuce kan tebur, ya hau bango inda Rabab ta manna zanen zuciyar mutum da jijiyoyinta ja da shuɗi. Kamar an shirya, sai maƙwabciya ta leƙo daga sama: "Hajja, kin yi dace! Suruka nas guda, hawan jininki ya samu mai shi!"

Usta Shahata yana kan kujera yana sakace. Ya miƙe a hankali, ya shafa aljihu. "Af! Ban ba tantabaru ruwa ba." Ba a ƙara jin komai ba sai ƙarar silifas ɗinsa a matakalar sama, fat-fat-fat.

Hajja ta dire tukunyar har miya ta fantsalo.

"Ni za ki mayar 'yar tsana? Ki aiko ubanki ya ce min kin haƙura, kin ba da littattafai, ashe kina nan kina yi min dariya a bayan ido?"

Rabab ta ji ƙasa tana juyawa da ita. Ta dubi ƙofar da uban ya bi, nan take ta gane komai. Kalma ɗaya za ta faɗa ta wanke kanta. Amma kalmar nan ita ce za ta tsiraita mahaifinta a gaban surukai har abada. Ta haɗiye ta, ta sunkuyar da kai.

"Ki yi haƙuri, Hajja."

"Haƙuri? Ko musu ba za ki yi ba? To ki buɗe kunne! Da aikin ne kawai, da sauƙi, amma yanzu an haɗa min da ƙarya. Ranar Alhamis in ƙafarki ta taka ƙofar makarantar nan, ki ciro min awarwarona. Ɗana ba zai auri mai fuska biyu ba!"

Ta fita ta bar ƙofa a wangale. Rabab ta zube a wurin tana kuka mai cin rai. Sai da magariba ta kusa Usta ya sauko, gashin tantabara a kafaɗarsa.

"Ta tafi? Allah ya taimake ta! Da ta ƙara minti ɗaya da ta ji abin da ba ta taɓa ji ba. Ke dai kwantar da hankalinki, gobe-goben nan zan je in gyara komai."

Goben ba ta zo ba.

Da safe Rabab ta zura kwando. Ta jira, ta jira. Ta leƙa, ta ga shagon a buɗe, ta ga ƙeyar Wa'il a sunkuye kan wata fanka, amma bai ɗago ba. Ta jawo igiyar. Kwandon ya taho yana lilo, ba nauyi, ba komai a ciki. Ta rungume shi kamar jariri ta koma ɗaki. Ranar ba ta sa komai a baki ba.

* * *

Shi ma Wa'il ba daɗi yake ji ba. Uwarsa ta kama hannunsa ta ɗora a kanta, ta sa ya rantse ba zai yi wa Rabab magana ba, ba zai aika mata ko ƙwayar wake ba. Shi kaɗai gare ta, ita ta raine shi da kuɗin ɗinki bayan rasuwar ubansa. Ya rasa inda zai sa kansa: gaba kura, baya siyaki.

Ranar Laraba da yamma ya same ta tana tsinke lalo.

"Umma, rantsuwata tana nan, ban karya ba."

"Allah ya yi maka albarka. Gobe in ta je, kai za ka hau ka karɓo min zinarena."

"Wannan kam ban rantse ba."

Ta ɗago a fusace. "Me ka ce?"

"Ke kika zura mata su da hannunki, Umma, kina guɗa. In cirewa za a yi, ke za ki cire, kina kallon idonta. Ni zan kai ki har ƙofar makarantar, in biya kuɗin mota. In kin iya, wallahi ba zan ce uffan ba."

"In na iya? Ni Fauziyya? Yaro, ka tanadi kuɗin motarka!"

* * *

Safiyar Alhamis Rabab ta shirya, ta ɗaura farin ɗankwali, ta tsaya bakin ɗakin uban.

"Baba, lokaci ya yi. Ka ce za ka raka ni."

Daga ƙarƙashin bargo murya ta fito tana nishi: "Wayyo bayana! Jiya na ɗaga dutsen guga ba daidai ba. Je ki, 'yata, zuciyata tana tare da ke." Ya ji ƙishin-ƙishin cewa Hajja za ta je.

Haka ta hau ƙaramar bas ita kaɗai zuwa garin Tanta, inda makarantar take.

Bakin makarantar kuwa ba masaka tsinke, kuma rabin taron ba masu jarrabawa ba ne. Iyaye mata ne, kamar yadda aka saba. Sun shimfiɗa kwalaye a gefen titi, wannan da Alƙur'ani a cinya, waccan da ɗan gicciye a dunƙule a hannu, kowace da gorar ruwa da ƙunshin gurasa. Kowace yarinya akwai mai gyara mata ɗankwali, mai tofa mata addu'a, mai cusa mata dabino a baki tana cewa, "Ci, don ubanki, kwanya ba ta aiki da yunwa!"

A cikin wannan taro Hajja Fauziyya ta ja ta tsaya, jaka a hammata, fuska kamar hadari. Wa'il ya koma can tsallaken titi ya jingina da sandar wuta. Wata mata mai jiki ta matsa mata a kan kwali.

"Zauna, 'yar'uwa, tsayuwar da nisa. Wacce ce taki?"

"Ba ni da kowa a nan," in ji Hajja a taƙaice.

Sai ga Rabab ta sauko daga mota. Hajja ta yi shirin tare ta, amma ƙafarta ta ƙi. Yarinyar da ta sani mai kumatu ta koma kamar sillen kara. Tana tafe tana haɗa hanya. Ta kai jikin katanga, ta dafa, ta sunkuya tana kakarin amai, babu abin da ke fitowa don babu komai a cikin. Takardar shigarta ta suɓuce ta faɗi ƙasa, ta kai hannu sau biyu, rawar hannu ta hana ta ɗauka.

Mata suka yo kanta. "Innalillahi! 'Yar wa ce wannan?" "Ku ba ta iska!" "Yarinya, ina mamanki?"

"Ta rasu," in ji Rabab da ƙyar.

"To wa ya rako ki?"

Ta girgiza kai. Matar nan mai jiki ta tafa hannu. "Kai, jama'a! A turo marainiya jarrabawa ita kaɗai kamar an aike ta sayen gishiri? Ba ta da kowa ne a duniya?"

A daidai nan Rabab ta ɗago, idonta ya faɗa cikin na Hajja. Ba ta yi mamaki ba. Ta miƙe da taimakon bango, ta kama awarwaron tana ja. Ko wahala ba su ba ta ba, hannun ya rame, suka zame da kansu. Ta miƙa.

"Ga su, Hajja. Na gode da kika zo da kanki. Wallahi ina son Wa'il, amma na yi wa mamata alkawari a kan gadonta. Ki yafe min."

Hajja ta dubi zinaren a tafin hannunta, da ɗuminsu. Ta tuna ranar da ta zura su, sai da aka shafa sabulu suka shiga. Mai tsaron ƙofa ya fara kiran a shiga. Rabab ta juya, ta yi taku ɗaya, ta tafi luu za ta faɗi.

"Wai ina dangin yarinyar nan ne?" matar ta sake ɗaga murya.

"Ga ni nan!" Hajja ce ta daka tsawar, har ita kanta ta firgita. "Makanta kuka yi? Ni ce uwarta! Ke, ba ni ruwan nan! Ke kuma miƙo dabino!"

Ta tallafo Rabab a ƙirjinta, ta wanke mata fuska, ta ɓare dabino ta tura mata a baki. "Tauna! Kar ki yi min kuka, tauna na ce! Haɗiye. Ƙara wani." Ta ɗauki takardar ta kaɗe, ta gyara mata ɗankwali, ta riƙe hannayen nan biyu masu rawa a cikin nata ta matse, tana karanta Alam Nashraha a kunnenta, har rawar ta lafa.

"Hajja... awarwaron..."

"Suna jakata. Wa ya taɓa ganin nas da ƙarau yana kacau-kacau a kan marar lafiya? Ajiya na karɓa. Wuce ki shiga, in kika faɗi ni da ke ne!"

Rabab ta shiga. Hajja ta zauna daɓas a kan kwalin nan, rana ta dake ta har azahar, carbi bai tsaya a hannunta ba. Wa'il ya tsallako da gurasa da ta'amiyya a takarda, ya tsaya yana murmushi.

"Umma, rantsuwar fa?"

"Rufe min baki! Na warware. Ka ajiye mata da zafinsa."

Da Rabab ta fito, ta faɗa jikin Hajja tana cewa, "Na tuna komai, Hajja! Har intabiyu ɗin ban yi in'ina ba!" A mota Hajja ta dube ta a kaikaice ta ce, "Ke ba ki aiko ubanki da wata magana ba, ko?" Rabab ta yi shiru tana wasa da yatsu. Hajja ta gyaɗa kai. "Shirunki ya ishe ni. 'Yar da ta rufa wa ubanta asiri ta sha zagi a kansa, ba za ta tona na ɗana ba."

* * *

Ranar da sakamako ya fito, guɗa ta tsaga lungunmu tun daga sama har ƙasa. Aka jera kujerun Amm Girgis a titi, aka rataya fitilu, aka dama jan sharba, abin shan nan mai zaƙi, a manyan robobi. A gaban kowa Hajja ta mayar wa Rabab awarwaronta, ta ce a sa ranar biki bayan zangon karatu na farko.

Usta Shahata ya sha sabuwar jallabiya mai guga kamar wuƙa. Ya hau kan kujera da kofi a hannu.

"Jama'a! Yaro ba ya cin jarrabawa sai da uba a bayansa! Ni nan da kuke gani, tun asuba nake tsaye a ƙofar makarantar nan, rana ta gasa min ƙeya, ban ko zauna ba! Hajja kuwa, ku tambaye ta, wa ya sauko da ita in ba ni ba?"

"A'a, Usta," Amm Girgis ya sosa kai, "ba kai ka ce mana tuni an ɗauke ta ba? Tsayuwar me kuma?"

"Wannan... ai dabara ce ta manya."

Hajja ta ajiye kofinta a hankali. Ta ɗago gilashi.

"Usta, ni kuma ka ce min littattafan suna wajen mai gyaɗa."

Mai gyaɗar yana wurin. Ya ɗaga hannu: "Wallahi ko shafi ɗaya ban gani ba!"

Dariya ta fara tashi. Hajja ta ɗaga hannu aka yi tsit.

"Ku saurara, har da ni a ciki, don ni ma na kusa kashe yarinyar nan da bakina. Mai jarrabawa a gaba ba kirari yake buƙata ba, ba kuma barazana ba. Wanda zai zauna kusa da shi yake nema, ya ba shi ruwa, ya riƙe masa hannu. Ita ta yi haƙuri da mu duka, ga shi Allah ya ba ta karatun, ya ba ta mijin. Saura kai, Usta. Tunda a can ka yini, faɗa wa jama'a: ƙofar makarantar wane launi ce?"

Usta ya dubi sama. Ya dubi Rabab, ta rufe fuska da gyale kafaɗunta na rawa.

"Kore ce... wato kore mai ɗan ja-ja... ya danganta da inda rana take."

"Baƙa ce wuluk!" in ji Hajja. "Kuma maƙwabta sun ce ranar har azahar suna jin ka a sama kana yi wa tantabaru fito, kai mai ciwon baya!"

Lungu ya kece da dariya, yara na buga kujeru, Amm Girgis har da riƙe ciki. Usta ya sauko daga kujerar a hankali, ya shafa aljihu, ya fara ja da baya wajen ƙofar bene.

"Af! Ban ba..."

Ya juya ya yi karo da Wa'il, wanda ya cika ƙofar da kafaɗunsa, yana kaɗa makullin saman bene a ɗan yatsa.

"Na ba su ruwa, Baba, na ba su dawa, har sun yi barci. Koma ka zauna, Umma ba ta gama tambaya ba."